Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Tun ina makarantar kwana nake ɗauke da gidan a cikin kaina. A littattafan soyayyar da muke karɓowa haya muna ɓoyewa ƙarƙashin katifa, duk angon kirki yana da gida mai ciyawa kore shar a gaba, da furanni a bakin taga, amarya kuma takan sauko daga bene a hankali, ƙamshin turarenta ya riga ta isa falo. Na karanta irinsu har na san inda zan ajiye kujeruna tun ban san wanda zan aura ba. Saboda haka ranar da maigidana ya ce zaman hawa na goma sha ɗaya a dogon benen nan na Alexandria, a nan Amurka, ya ishe mu, mu nemi gidan kanmu, ni na yi zaɓi.

Ƙawata mai aikin jinya a garin Upper Marlboro ta yi ta ja na. "Ke, ki taho nan cikin 'yan'uwa," in ji ta. "Baƙar fata ne gaba da baya, likitoci da lauyoyi. Ranar Asabar ƙamshin daddawa kawai za ki bi ki samu gidan yini." Na ce mata ofishin maigida zai yi masa nisa. Gaskiyar ita ce tun kafin in sauka daga jirgi aka cika mini kunne da cewa in yi hankali da baƙaƙen fatar ƙasar, na kuma riƙe maganar ba tare da na taɓa zama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Gidan da na gani kudu da Alexandria, a ƙarshen wani layi da ba ya ɓullewa, shi ne na cikin littafi: jan bulo, farin shinge, bishiya mai fure a ƙofa. Mu kaɗai ne baƙaƙe a layin. A lokacin ban ga komai a cikin hakan ba.

Shirun unguwar ya fara ba ni tsoro tun makon farko. Ba mai sallama, ba mai talla. Mota ta shige gareji, ƙofa ta sauko a bayanta, shi ke nan ba ka sake ganin mai gidan sai gobe. Amma tagogi suna gani. In na fito da mayafina zuwa akwatin wasiƙu, sai in ji kamar layin gaba ɗaya ya ɗauke numfashi. Akan ɗaga mini hannu da murmushi, murmushin ya gushe tun hannun bai gama sauka ba.

Mutum ɗaya ce ta tako har ƙofarmu: tsohuwar Baturiyar da shingenmu ya haɗu da nata. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'yarta tilo tana wata jiha. Ta zo da kek na tuffa a farantin tangaran. Na mayar mata da farantin cike da masa da zuma, ta ci biyu a tsaye tana lumshe ido. Gashinta fari fat kamar audugar da aka shiɓe, idanunta launin sararin sama bayan ruwa. Na ce a raina, ga tsohuwar kirki irin wadda takan riƙe amarya a baƙon gari. Ta koya mini datse wardi, ta koya wa 'yan matana biyu waƙoƙin yara na Turanci. Na so ta, ban kuma ce ba ta so mu ba.

'Ya'yana uku ne. 'Yan matan a nan aka haife su, suna hawa wuyan ubansu, suna amsa mini Hausa da Turanci. Babban kuwa a Kano na haife shi, shekara guda bayan bikina. Da na yaye shi Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ɗauke shi kamar yadda aka saba, muka taho muka bar shi a hannunta. Takardunsa ba su fito ba sai da ya shekara goma sha ɗaya, wata huɗu bayan mun tare a sabon gida.

Bahaushe ba ya bukatar in yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Nawa kuma ƙulli biyu ne, domin sunan surukina aka sa masa. Ban taɓa furta shi ba, ko a ranar suna, ko ni kaɗai a ɗaki. Ɗan Hajiya nake cewa in ina maganarsa, in kuma da shi nake sai in ce "Kai." Shi kuma Anti yake ce mini, Hajiya ce Mamarsa.

Shekara tara ina shirya yadda za mu haɗu a filin jirgi. A cikin kaina da gudu nake isa gare shi, mayafina na tashi, in rungume shi mutane su tsaya kallo. Da ya fito, siriri, da 'yar jakarsa da hular da ta yi masa yawa, sai ya durƙusa a kan tayil ɗin filin jirgin ya gaishe mu. Abin da na iya cewa shi ne, "An zo lafiya? Ya Hajiya?" Na gyara masa wuyan riga. Yatsuna sun taɓa fatar wuyansa, na riƙe ɗumin nan a hannuna har gida.

Tarbiyyar Hajiya ce a jikinsa. Ba ya zama a kujera in ubansa na falo. Ya ƙi cin abinci a tebur tare da mu, sai ya ɗauki farantinsa ya sauka. Da muka nuna masa ɗaki a sama kusa da na ƙannensa mata, ya sunkuyar da kai ya ce ko akwai wani. Ɗakin ƙasa ya zaɓa, wanda tagarsa ke daidai da ciyawa, ya kuma sauke katifar daga kan gado don ya ce jiri yake ji. Ubansa ya yi dariya ya ce saurayi ya samu shagonsa. Ba wanda ya sa shi aiki, shi ne ba ya iya ganin babba da tsintsiya. Ya ƙwace fitar da shara, ya koyi injin yankan ciyawa, in na dawo daga kanti kafin in kashe mota ya iso ya kwashe ledoji, 'yan matan kuwa su wuce ciki da alewarsu.

Ni kuma ina son sa ta hanyar da na iya. In zan zuba masa abinci, tsokar da ta fi kowacce girma nake binnewa a ƙarƙashin shinkafarsa. In na kwaso wanki, nakan daɗe da rigarsa a hannu kafin in ninke.

Kuskuren a bakin shinge na yi shi, lokacin da ganyaye ke zuba. Yana tsaye da manjagara bai fi taku uku daga gare ni ba, tsohuwar ta leƙo ta ce, "Wannan kyakkyawan saurayin fa? Naki ne?" Yana jin mu. Fuskata ta ɗauki zafi. Bakina ya faɗi abin da na ji mahaifiyata tana faɗa a kan yayanmu, abin da kowace mace a unguwarmu za ta faɗa kowa ya gane ya yi murmushi.

"Ƙanena ne," na ce.

Ta ce masha Allah irin nasu, ta koma kan furanninta. Ban sake tunawa ba. Ban san cewa bayan 'yan kwanaki maigida ya tsaya a wannan shingen ya ce mata ɗansa ne ba. Ban kuma san abin da ya faru ranar da dusar ƙanƙara ta rufe layin ba: yaron ya share ƙofarmu, ya wuce ya share tata ba tare da an sa shi ba, ta miƙa masa ɗan hasafi ya ɓoye hannuwansa a baya ya ce in ya karɓa za a yi masa faɗa a gida.

Sanyi ya wuce, bishiyar ƙofarmu ta yi fure. Wata Talata ya dawo daga makaranta bai sauka ɗakinsa ba. Ya tsaya a bakin kicin da jakarsa a baya.

"Anti, wata mata ta zo makaranta. An fitar da ni daga aji."

"Me ka yi?"

"Ban yi komai ba. Tambayoyi ta yi mini."

Na kashe murhu. Ya ce ta tambaye shi inda yake kwana, ya ce ɗakin ƙasa. A kan gado? A'a, a ƙasa. Da wa yake cin abinci? Shi kaɗai. Wa ke aikin gidan? Ya lissafa mata, da ɗan alfaharinsa ma. Ta ce matar gidan tana rungumarsa? Ya ce a'a. Tana kiran sunansa? Ya ce bai taɓa ji ba.

"Sai ta ce ina mamana."

"Ka ce me?"

"Na ce tana Kano."

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Kafin la'asar waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, a natse, daga hukumar kula da yara. Ta ce an kawo musu rahoto a kan yaron da ke zaune a gidanmu, za ta zo ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, tana so ta same mu duka.

Na san me ake nufi. Dukkanmu mun sha jin labarin mutanen da kan ɗauko 'ya'yan wasu daga gida da sunan karatu, su mayar da su bayi a ɗakin ƙasa. Na taɓa tsine wa masu yin haka da bakina. Na kuma san hukumar nan tana da ikon ɗauke yaro a ranar, ta kai shi gidan da ba ka sani ba, wajen mutanen da ba su san alwala ba, kai kuma ka yi ta zarya a kotu. Shekara tara na jira shi. Wata bakwai kacal ya yi a gabana.

Na kira ƙawata. Ta saurara har na gama.

"Ƙanenki! A Amurka! Ke wai a littafi kike zaune ne? Nan in ka ce fari, fari suke rubutawa."

"To ya zan yi?"

"Ki haɗa takardu. Ki dawo da katifar nan kan gado. Sannan ki buɗe baki. Za ta ce ki faɗi sunansa, wallahi za ta ce. Faɗa in ji."

Na ƙara matse wayar a kunnena.

"Ina jin ki, Hajiyar kunya. Ni kaɗai ce, surukinki yana kabari, Allah ya jiƙansa. Faɗa."

Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta ja tsaki, amma da ta sake magana muryarta ta sauka. "Ki yi ta gwadawa. In sun tafi da shi, kunyar ce za ta dawo miki da shi?"

Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk motar da ta shigo layin sai na leƙa ta bayan labule, ni ma na zama taga mai ido. Maigida ya dawo daga Washington da fuska a ɗaure, ya baje takardu a tebur yana jera su kamar zanen gada, don shi injiniya ne, ya yarda duk abin da aka jera daidai zai tsaya. Katifa kuwa ya ce a bar ta inda take, yaron ya riga ya faɗa, in muka canza sai a ce muna ɓoye wani abu. Ni nakan shiga banɗaki in buɗe famfo, in tsaya gaban madubi in gwada. Harafin farko yakan zo har leɓena ya koma. Sai in ga fuskar surukina, dattijon da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba, in ji kamar zan tuɓe mayafi a tsakiyar kasuwa.

Ranar Juma'a da goma daidai aka danna ƙararrawa. Da na buɗe, zuciyata ta yi sanyi: baƙar fata ce, dattijuwa, furfura ta ratsa kitsonta, tabarau na rataye a ƙirjinta. Na ce a raina, tamu ce, za ta gane. Ni da na ƙi unguwarsu, yau ga ni ina neman 'yan'uwantaka a fatarta. Ba ta ba ni ba. Ta ƙi shayi, ta ƙi ruwa, ta ce a nuna mata inda yake kwana.

Muka sauka. Ban taɓa ganin ɗakin da idon baƙo ba sai ran nan. Katifa a ƙasa, gado tsirara a gefe, faranti ɗaya da cokali a kan teburin karatu, 'yar taga da ba a ganin komai ta cikinta sai ciyawa da ƙasan shingen maƙwabciya. Ta daɗe tana kallon tagar. Ta duba ƙofar ko ana kulle ta daga waje. Ta rubuta. A hanyar hawowa ta tsaya kan hotunan da na jera a bangon bene, hotunan da na yi ta mafarkin jerawa: 'yan mata a cinyata, 'yan mata a wuyan ubansu. Shi yana cikin ɗaya tak, a gefe, hannuwansa a baya.

A falo maigida ya miƙa mata takardar haihuwa da fasfo da sauran. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye.

"Takarda takarda ce," ta ce. "Na ga masu kyau a gidajen da ba su da kyau." Ta juyo gare ni. "Me ya sa kika ce ƙanenki ne?"

A nan na san wanda ya kai mu. Mutum ɗaya na taɓa gaya wa haka a duk ƙasar. Ta tagar falo ina hango wardin da ta koya mini datsewa.

Maigida ya fara bayanin al'ada, tiryan-tiryan. Ta ɗaga masa hannu. "Na ji naka, yallaɓai. Ita nake tambaya."

Na ce mata da Turancina da ke tsinkewa, a wajenmu ɗan fari ba na uwa ba ne a gaban mutane. Ba a nuna shi, ba a kiran sunansa, ba a yabonsa. Abin da ya fi girma a zuciya shi ake rufewa. Na ce haka uwata ta yi, haka tata uwar.

Ta cire tabaranta. "Bari ni ma in gaya miki ta wajenmu. Kakar kakata a jihar nan aka haife ta, ba nisa daga kujerar da nake zaune. Baiwa ce, ta yi wa wani gida aiki har ta mutu, tana kwana a ƙasan gidan, ba wanda ya taɓa kiran ta da sunanta. Saboda haka in aka ce mini akwai baƙin yaro a ɗakin ƙasa, yana aiki, ba a kiran sunansa, ba na aiko wani. Da kaina nake zuwa."

Shekaruna a ƙasar ban taɓa tunanin ƙasar da ke ƙarƙashin koriyar ciyawata tana da nata labarin ba.

Ta ce a kira shi. Ya shigo zai durƙusa, ta nuna masa kujera, ya zauna a bakinta kamar mai jiran a kore shi. Ta dube ni.

"Wannan wane ne?"

"Ɗana ne."

Ko wannan ban taɓa faɗa a gabansa ba. Na ga kafaɗunsa sun motsa.

"Ya sunansa?"

Agogon bango na bugawa. Maigida ya sunkuyar da kai, sunan mahaifinsa ne. Alƙalaminta yana tsaye a kan takarda, na kuma san duk daƙiƙar da na ƙara ita ma rubuta ta za a yi. Na hango yaron a bayan wata mota, da 'yar jakar da ya zo da ita, yana waiwaye ta gilashi, bai ma san da wane suna zai kira ni ba.

Na faɗa.

Ya fito a shaƙe, kamar muryar wata. Na sake faɗa, wannan karon shi nake kallo. Daga nan bakin ya ƙi rufuwa. Na ce ranar Alhamis na haife shi bayan la'asar, ana ruwan farko na shekarar, ƙamshin ƙasa na shigowa ta tagar asibiti. Na ce yana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu, ta duba in tana so. Na ce ranar da aka ɗauke shi na yi dariya a gaban mutane don kada a ce ba ni da kunya, na shiga ɗaki na cusa zane a baki. Na ce tabon da ke gwiwarsa ban san yadda ya same shi ba, ba na nan, kuma kullum sai na kalle shi. Rabin maganar da Hausa na yi ta ban sani ba. Ba ta tsayar da ni ba.

Yaron bai ɗago ba. Ɗigo biyu na gani sun faɗa kan wandonsa.

Ta tambaye shi a hankali, "Ka taɓa jin ta kira ka haka?"

"A'a."

"To ka san ita ce ta haife ka?"

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Nama," ya ce. "Babban take ɓoyewa a ƙarƙashin shinkafata. Kullum. Ta ɗauka ban sani ba."

Matar ta rufe bakinta da bayan hannu, ban sani ba ko dariya ce. Ta yi rubutu mai tsawo. Ba ta ce an gama ba. Ta ce za ta sake dawowa, za ta kuma yi magana da malamansa da likitansa, amma yau a gida zai kwana.

Na raka ta ƙofa. A kan matakala ta tsaya ta dubi layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, gidaje a jere, kowanne da labulensa.

"Ku kaɗai ne a nan?" ta ce. Na ce e. Ta girgiza kai. "Saurara, 'yar'uwa. Wannan ba na cikin takarda ba ne. Yaron nan zai yi tsawo, dubi ƙafafunsa. Nan da shekara biyu ba wanda zai ga yaro in ya hango shi a bayan shinge, kuma ba ni za su kira ba, 'yan sanda za su kira. Gara kowace taga a layin nan ta san ɗan wane ne, ta san yana da uwar da za ta fito. Ki riƙa kiran sa da ƙarfi. A cikin gida ki yi kunyarki."

Sau biyu ta sake zuwa. Tsakanin zuwan nata ban daina jin faɗuwar gaba ba in ƙararrawa ta yi ƙara. Sai da furen bishiyar ya zube gaba ɗaya wasiƙa ta zo cewa an rufe maganar. Na sa ta cikin jakar takardunsa na rataye a bayan ƙofar shiga, inda hannu zai kai da sauri. Har yau tana nan.

Tsohuwar ba ta taɓa cewa ita ce ba, ni ma ban tambaya ba. Wata rana ta sake kawo kek. Ta tsaya tana murza yatsu ta ce ita duk rayuwarta damuwa da yara ta sani, ba ta iya dainawa. Na mayar da farantin da masa, don ba a mayar da kwano wofi, amma a bakin ƙofarta na ajiye na juyo. Na yi mata ƙarya, wannan gaskiya ne, kuma da yaron bawa ne da ita ce ta cece shi. Sai dai akwai wani yaro mai jan gashi a gidan da ke kallon namu, shi ma a ɗakin ƙasa yake kwana da gangunansa, shi ma yana yankan ciyawa, ban taɓa ganin an zo duba ƙofarsa ba. Na kasa ajiye ɗayan tunanin in ɗauki ɗaya. Da su biyun na ci gaba da gaishe ta a bakin shinge.

'Yan matan ne suka kai wa Hajiya labari ta waya, cewa Mami ta faɗi sunan Yaya. Ta ce a ba ni. "Amurka ta cinye ki ke nan?" ta ce. Na ba ta labarin tun daga farko. Sannan ta ce, "To ki riƙa faɗin sunan da Turanci."

Ya yi tsawon kamar yadda matar ta ce. Muryarsa ta buɗe, ya wuce ubansa, ya fara sa riguna masu hula irin na sa'o'insa. Na roƙe shi kada ya bi ta bayan gidan kowa, kada ya sake share ƙofar da ba a sa shi ba, kada ya yi gudu a layin ko da ya makara. Kowace safiya in ya fita zuwa bas ɗin makaranta, nakan bar shi ya kai tsakiyar layi, sannan in fito kan matakala in ƙwala masa kira da cikakken sunansa. In ce ya manta ruwa, ko ya ɗaure takalmi, ko ya dawo da wuri. Duk ranar da na yi, sai na ji kunyar ta sauko mini tun daga kai har tafin ƙafa. Shi kuma ya juyo, ya ɗaga hannu, ya amsa da Turanci da ƙarfi yadda kowa zai ji wace ce ni a wajensa.

Wata safiya da na kira, maimakon ya ɗaga hannu sai ya tako ya dawo har gindin matakala. Sai da na ɗaga kai na ga fuskarsa.

"Anti," ya ce ƙasa-ƙasa, "tsohuwar ba ta nan fa. Ta tafi wajen 'yarta tun shekaranjiya."

"Na sani," na ce. "Sauran tagogin fa?"

Ya dubi layin, ya gyara jakarsa, ya sauke hular daga kansa ya tafi. Na bari ya kai daidai gidan da wasu sababbi suka tare a makon, waɗanda ba su san mu ba tukuna, na sake kiran sa.